Akokan: garin da rami ya haifa, ramin ya rufe ya bar shi



Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin Cominak ya tsayar da haƙar uraniyom a ramin Akuta, can arewa, yamma da duwatsun Abzin. Da yawanmu nan kudu ba mu ma ji labarin ba, kuma akwai dalili. A daren da ya wayi wannan ranar ne aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa a Yamai, saura kwana biyu a rantsar da sabon shugaba. Hankalin kowa ya koma can. Ramin da ya yi shekara 43 yana zuba kuɗi a baitulmalin ƙasarga ya rufe shiru, kamar an tashi rumfar mai shayi.

Ramin ya rufe, amma garin da ya haifa yana nan da mutanensa. Sunansa Akokan, 'yan kilomita kaɗan daga Arlit. Kuma kada wani ya ce wanga zance na mutanen arewa ne, mu ina ruwanmu. Shiga kasuwar can ka saurara, da Hausa ake ciniki. Cikin waɗanda suka sauka ramin nan akwai 'yan Tawa da Madawa da Ƙonni, akwai 'yan Maraɗi da Tasawa, akwai 'yan Damagaram da Tanut, akwai Zabarmawa, ga kuma Abzinawa masu wurin. A garuruwanmu akwai gidajen siminti da kuɗin Akokan ya gina, akwai 'yan lakwal da kuɗin Akokan ya kai jami'a, akwai kuma tsofaffin da suka dawo daga can da ciwo a ƙirji. Ra'ayina a kan tarihin garin nan guda ne: don rami aka gina shi, kuma ranar da aka zo lissafin rufewa, ramin ya fi mutanen samun kulawa. In ba mu duba wanga tarihi da kyau ba, za mu maimaita shi a wani wurin, ko da babu Bafaranshe ko ɗaya a cikin maganar.

Mu ɗan koma baya. Ƙasar Abzin ta daɗe da sanin haƙar ma'adini. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takadda, garin tagulla, ya kuma ba da labarin cewa ana kai tagullar har Gobir da Borno. Masana tarihi da yawa suna ganin Takadda ita ce Azelik ta yau, arewa da Ingal. Garin da sunansa ya kai ƙasashen Larabawa, yau kango ne, sai masu tonon tarihi ke leƙa shi. Abin mamaki, a wannan Azelik ɗin ne a 1957 Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da uraniyom. Daga nan hukumar nukiliyar Faransa, CEA, ta baza ma'aikatanta cikin hamada suna bincike. Aka gano na Imuraren a 1966, na Akuta a 1967. Aka kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da kaya daga Arlit a 1971. Ita kuwa Cominak an kafa ta a 1974, shekarar da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, ta fara aiki a 1978. Masu hannun jari huɗu ne: Faransa kashi 34 cikin 100, Nijar kashi 31, Japan 25, Sipaniya 10. Ku riƙe wannan 31 ɗin a zuciya, za mu dawo kansa.

Kafin kamfani ya zo babu gari a wurin. Fili ne na makiyaya, su bi da raƙuma da awaki lokacin da ciyawa ta fito, su wuce. Ruwan sama ba ya isa noma. Ruwan da ake sha na can ƙarƙashin ƙasa ne, tsohon ruwa da ya taru tun dubban shekaru, wanda in aka ɗebe ba ya dawowa a zamaninmu ko na jikokinmu. To a irin wanga wuri aka zana gari a kan takarda. Ga unguwar manyan ma'aikata, ga ta matsakaita, ga ta ƙanana, kowa da irin gidansa gwargwadon matsayinsa a wurin aiki. Ruwa na kamfani, wuta ta kamfani, asibiti na kamfani, kantin sayayya na kamfani. Har aka riƙa yi wa yankin Arlit kirari da Paris ta biyu. Wani mai shirya fim ɗan Benin, Idrissou Mora-Kpaï, ya ɗauki wannan laƙabin ya sa wa fim ɗinsa na 2005, a lokacin da laƙabin ya riga ya koma abin ban tausayi.

Amma a gefen unguwannin kamfani wani garin ya tsiro, wanda babu shi a takarda. Mahauci, mai wanki, tela, mai shayi, saurayin da ya zo neman aiki bai samu ba, makiyayin da farin 1973 ko na 1984 ya ƙarar wa da dabbobi. Suka kafa bukkoki da langa-langa da duk abin da kamfani ya yar. Gari biyu ke nan a wuri guda, mai famfo a cikin gida da mai jarka a ka. Dukansu kuwa rana guda suke jira, ranar da za a biya albashin 'yan rami, don ran nan ne mahauci zai yanka, tela ya karɓi kuɗin ɗinki, mai kanti ya goge bashi.

Gaskiya a faɗe ta, ƙasa ta ci moriya. A ƙarshen shekarun 1970 farashin uraniyom ya haura dalar Amurka 40 a kowace laba, wato abin da bai cika rabin kilo ba. Ya kai fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kayan da Nijar ke sayarwa waje. A wannan zamanin ne gwamnatin Kunce ta soke harajin kai, kuma duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin ƙauye ya san abin da harajin nan ya yi wa iyayenmu, yadda ake sayar da akuya da iri don a biya shi. Manyan gine-ginen Yamai irin su otal Gaweye da ginin ONAREM 'ya'yan wannan lokacin ne. Haka hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, sama da kilomita 600, wadda ake kira hanyar uraniyom. Haka Sonichar a Anu Araren kusa da Cirozerin, inda ake ƙona gawayin ƙasa a samar da wuta, da farko don ma'adinan. Mu kuwa nan Maraɗi da Damagaram wutarmu daga Najeriya take zuwa, kuma a Agustan 2023 da aka katse ta mun gane bambancin ƙasa mai uraniyom da ƙasa mai lantarki.

Daɗin bai jima ba. A 1979 aka yi hatsari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, a 1986 aka yi na Carnobil, ƙasashe suka ja baya da gina sababbin tashoshi. Zuwa farkon shekarun 1990 farashin ya faɗo ƙasa da dalar Amurka 10. Kamfanonin biyu suka rage ma'aikata, ƙasa ta nutse cikin bashi, ma'aikatan gwamnati suka riƙa yin watanni ba albashi. Ƙararrawa ta farko ke nan. A 2007 farashin ya yi tsalle ya haura dala 130, kowa ya manta, aka shiga mafarkin Imuraren. Sai ga Fukushima a Japan a watan Maris na 2011, zuwa ƙarshen 2016 farashin ya koma ƙasa da dala 20. A watan Oktoban 2019 majalisar gudanarwar Cominak ta sanar da ranar rufewa: mai kyan ya ƙare, abin da ya rage kuɗin haƙo shi ya fi kuɗin sayar da shi. Babu wanda zai ce abin ya zo masa ba zato. Tun ranar da aka fara haƙa kowane injiniya ya san rami yana da ƙarshe. Shekara arba'in aka samu na shiri.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da aka bari, don nan ne mutane ba su cika fahimta ba. Ramin Akuta yana da zurfin mita 250, hanyoyin da aka fafe a cikinsa in aka haɗa su sun haura kilomita 200, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram a ƙarƙashin ƙasa. Ana fasa dutse a can ƙasa, a fito da shi, a niƙa, a zuba masa ruwan asid, a tace uraniyom ya fito gari rawaya, a ɗura a ganguna, manyan motoci su bi ta Tawa da Doso da Gaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A shekara 43 an fitar da tan 75,000. Abin da ya rage bayan tacewa kuwa kusan tan miliyan 20 ne. Ku yi lissafin da kanku: a kowane tan na dutse, abin da aka ɗauka bai cika kilo huɗu ba. Kamar ka zube buhu goma na gero, ka ɗebi tiya ɗaya da rabi, ka bar sauran a ƙofar gida. Sai dai wanga saura ba gero ba ne.

An tsibe shi a fili mai faɗin eka 120 irin ta Faransa, wato hekta, tsayinsa a wani wurin ya kai mita 35, ya yi bene mai hawa goma. Duwatsun Abzin na Allah suna can gabas da nisa. Tsaunin da ya fi kusa da mutanen Akokan ɗan'adam ne ya tara shi. Kuma cire uraniyom daga dutsen bai cire gubar ba. Mafi yawan tururin nan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, yana nan cikin sharar, saboda sauran sinadaran da ba a ɗauka ba. Akwai radiyom, wanda sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Akwai toriyom, shi kuma sai shekara 75,000. Daga cikinsu ne iskar radon ke fita, wadda likitocin duniya suka tabbatar tana jawo sankarar huhu. Sannan ga ƙura, a garin da iska ke tashi ta rufe rana. Amina Weira, wadda ta girma a can kuma mahaifinta tsohon ma'aikacin ma'adinin ne, ba banza ta sa wa fim ɗinta na 2016 suna La Colère dans le vent ba, wato fushi cikin iska.

Ba jita-jita ba ce. A ƙarshen 2003 masana na wata cibiyar awo mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, suka zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, shi kansa ma'aikacin Somaïr. Aka riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, amma da ɗan abin da suka shiga da shi suka gano ƙarafa masu guba ana sayarwa a kasuwa. Irin ƙarafan da maƙera ke saye, irin waɗanda talaka ke rufin ɗaki da su. A 2007 awo ya nuna wani wuri a kan titi gaban asibitin Cominak a Akokan yana fitar da tururi har ninki 100 na yadda ya kamata, saboda an yi cikon hanya da duwatsun da aka fito da su daga rami. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta auna wani wurin a titunan garin ta samu kusan ninki 500, ta kuma ce cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗauka a yankin, huɗu sun haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin ya musanta wasu daga cikin sakamakon, ya kuma bi ya kwashe wuraren da aka nuna. Madalla da kwashewa. Amma a lura da wanda ya fara nunawa: ƙungiyar farar hula ce da baƙi. Hukumominmu masu alhakin sa ido suna ina a duk shekarun da yara ke wasa a kan titin nan?

Shirin gyaran wurin da aka sanar lokacin rufewa ya kai kimanin miliyar 95 na sefa. Za a toshe bakin ramin, a kwance masana'antar, a lulluɓe tsaunin sharar da laka da dutse mai kaurin mita biyu, aikin kusan shekara goma, sannan a sa ido na aƙalla shekara biyar. Ba na raina wanga aiki, dole ne a yi shi, kuma a yi shi da kyau. Amma ku ajiye shekara biyar kusa da shekara 1,600 ku duba. Bayan masu sa idon sun tattara kayansu, wa zai je ya ga ko iska ta yaye murfin, ko ruwa ya tsaga shi, ko gubar ta gangara cikin tsohon ruwan da garin ke sha? Magajin garin Arlit da kasafin kuɗinsa?

Mu zo kan mutane. Ma'aikatan da Cominak ta ɗauka da sunanta wajen 600 ne a lokacin rufewa. An ba su kuɗin sallama daga albashin wata 20 zuwa wata 60, gwargwadon daɗewar mutum, da alkawarin kula da lafiyarsu na shekara biyar. An kuma tsara miƙa asibitin ga gwamnati, ruwa da wuta ga kamfanonin ƙasa. Wanda ya san yadda ake sallamar ma'aikaci a ƙasarga zai ce ba laifi. To amma akwai wasu wajen 700 da ke aiki a wurin ta hannun 'yan kwangila. Rami ɗaya, ƙura ɗaya, zafi ɗaya, wani lokacin ma su ne a wurin da ya fi wuya. Ranar rabo aka ce su ba ma'aikatan kamfani ba ne, su je wajen wanda ya ɗauke su. Abin da suka samu bai kama ƙafar na abokan aikinsu ba, shi ya sa suka yi ta zanga-zanga da koke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A takarda wataƙila doka ta ba kamfani gaskiya. Huhu dai bai san wa ya sa hannu a kwantaragi ba.

Sai kuma rukuni na uku, wanda babu shi a lissafin kowa: mahaucin nan da telan nan da mai wankin nan. Su babu mai sallamarsu, don babu wanda ya ɗauke su. Ciniki ne kawai ya mutu a hannunsu. Wasu samarin suka bi hanyar zinariya zuwa Cibarkaten, inda aka fara tono tun 2014, wasu suka nufi Aljeriya, wasu suka dawo kudu da iyali suka sauka a gidan ɗan'uwa. Arlit ita tana da wasu ƙafafun tsayawa, ga Somaïr, ga hanyar iyaka, ga masu zinariya da ke sayen kaya. Akokan da ƙafa ɗaya aka haife ta.

Maganar lafiya ta fi ci mini rai, don ita ce ke shigowa har gidajenmu. Ciwon da ƙura da radon ke jawowa ba ya fitowa ranar da mutum ya bar aiki. Yakan yi shekara goma, ashirin, ko fiye, yana kwance. Kulawar shekara biyar daga 2021 a 2026 take ƙarewa, wato tun kafin ciwon wasu ya farka. Ga wani misali da ya kamata kowa ya sani. Wani Bafaranshe ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985, ya rasu da sankarar huhu a 2009. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasarsa ta yarda ciwon aiki ne. Iyalinsa suka kai Areva kotu, suka ci nasara a 2012, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, bisa dalilin cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba, Cominak ce, kamfanin Nijar. Mutumin da ke da lauya da asibitin Faransa da cikakkun takardu ke nan. To ina ga dattijon da ya koma ƙauye a Dakoro ko Mirya, tari ya kama shi, aka ce sanyi ne, aka yi jiƙo, Allah ya karɓi abinsa? Babu wanda zai rubuta sunansa a ko'ina. An kafa cibiyar bin lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jahar Agadas, OSRA, a 2011, amma shekara guda bayan nan ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi cibiyar, ta janye, ta ce abin ya fi kama da gyaran suna. Ba ina cewa duk tsohon ma'aikacin da ya rasu uraniyom ne ya kashe shi ba, haba. Ina cewa haƙƙinsa ne a duba, kuma mai dubawar kada ya zama shi ne mai biyan diyya.

Na san abin da wasu za su ce: ai laifin Faransa ne, kuma yanzu an kore su, magana ta ƙare. Lalle Cogema da Areva da Orano, sunaye uku na gida ɗaya, suna da babban kaso, kuma ba a Nijar kaɗai ba. A Munana ta ƙasar Gabon sun rufe ma'adini a 1999, daga baya aka gano gidajen da aka gina da sharar ramin, sai da aka rushe aka sake wasu. Amma ku tuna kashi 31 ɗin nan. Gwamnatocinmu, na soja da na farar hula, suna zaune a teburin Cominak tun ranar farko. Kowace shekara an karɓi riba in an samu, an karɓi haraji. Wace gwamnati ce ta ware wani abu ta ce wannan na ranar da ramin zai rufe ne? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ma'adinai ke kawowa na ƙananan hukumomin jahar da ake haƙar ne, kuma shekara da shekaru magadan garuruwan Agadas suna kukan kuɗin ba sa zuwa kan lokaci. Wannan ba a Paris aka riƙe su ba. A yarjejeniyar 2014 Areva ta yi alkawarin yuro miliyan 90, wajen miliyar 59 na sefa, don hanyar Tawa zuwa Arlit. Ku tambayi direban da ke bin Agadas zuwa Arlit awa nawa yake yi, da tayar da yake canzawa.

Kuma ba sai Bafaranshe ba. A Azelik ɗin can da muka fara da ita, kamfanin Somina na haɗin gwiwa da Sinawa ya fara fitar da uraniyom wajen 2011, bai yi shekara biyar ba ya tsaya, ma'aikata suka shiga halin ni-'yasu. A tsakiyar duwatsun Abzin, kan hanyar Agadas zuwa Timiya, akwai Elmeki, inda kamfanin SMDN ya haƙi kuza tun zamanin mulkin mallaka. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, kamfanin bai daɗe ba ya bi shi, mutanen wurin suka koma tono da hannu da aikin garka. Takadda, Elmeki, Azelik, Akokan, duk a jaha guda.

A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano, a Yunin 2025 ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa, rigimar kuma tana gaban kotunan sasanci na duniya. Mutane da yawa sun yi murna, kuma na fahimci murnar. Sai dai wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta. Ramin Somaïr ma zai ƙare wata rana, shi ma yana da nasa tsaunin shara, kuma ran nan babu wani baƙo da za mu nuna da yatsa. A cikin wagga rigima ta manya, abin da nake tsoro shi ne aikin lulluɓe tsaunin Akokan ya zama maraya, kowane ɓangare ya ce na ɗayan ne. Ya kamata ofishin ministan ma'adinai ya fito ya gaya wa jama'a inda aikin ya tsaya, nawa aka rufe, nawa ya saura, kuɗin yana hannun wa. A faɗa da Hausa da Tamajak a gidajen rediyo, a manna sakamakon awon ruwa da na iska a ƙofar ma'aikatar magajin gari, yadda ake manna sakamakon jarrabawa.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ga Dasa ana fafe sabon rami da kamfanin Kanada, ga man Agadem yana bin bututu zuwa Benin, ga matatar Soraz a bayan Damagaram, ga ramukan zinariya ko'ina. Duk wanda zai haƙa, Bafaranshe ne, Basine ne, ɗan Rasha ne, ko gwamnatinmu da kanta, a sa shi ya buɗe asusun rufewa tun daga tan na farko, a wurin da shi kaɗai ba zai iya taɓawa ba, minista ma ba zai iya ba. A rubuta sunan duk wanda ya sa ƙafa a wurin aikin, na kamfani da na ɗan kwangila, a rajista guda. Binciken lafiyar tsofaffin ma'aikata kuwa ya zama na har ƙarshen rai, a manyan asibitocin Tawa da Maraɗi da Damagaram da Yamai inda mutanen suke zaune, ba mai ciwon ƙirji ya hau mota ya bi waccan hanyar ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Saurayin da ya sauka ramin Akuta a 1978 yana da shekara ashirin da biyar, yau ya haura saba'in. In kana da uba ko kawu ko maƙwabci irinsa, ka nemi takardunsa tun yanzu: katin aiki, takardun albashi, duk wata takardar likita, ka ɗauki hotonsu da waya ka adana. Sannan ka zauna da shi bayan la'asar ka naɗi muryarsa. Ka tambaye shi wace shekara ya fara, a wane sashe, ƙasa yake ko a masana'anta, da sunan wane kamfani aka ɗauke shi, yaushe aka fara ba shi abin rufe hanci, kuma su wa da wa suka sauka tare da shi.